Gidan haya a Issawane: wa ke jin kukan mai gida?

Duk ranar da muka buɗe layi kan maganar haya, kukan ɗan haya muke ji. Yau bari mu leƙa wajen mai gida.

A nan Issawane yawancin 'yan haya ma'aikata ne da aka turo mana, musamman malaman lakwal 'yan kwantaragi. Mai gida kuwa, sau da yawa da kuɗin cin rani ya gina 'yan ɗakunansa. Babu takarda, sai "ai mun yi magana". In albashin mushe ya makara, wa zai tsaya ƙofarsa yana tambayar kuɗin haya, alhali shi ke karantar da ɗanka? Kunya ma ba ta bari.

Abin da ya fi ciwo shi ne hutun damina. Lakwal ta tashi, mushe ya garƙame ɗaki ya wuce Tasawa ko Maradi da makulli. Ruwan Agusta ya sauka, rufin ƙasa na yoyo, ba damar shiga a gyara. Oktoba ta zo, sai mu ji an canza masa gari. Mai gida ya ɓalle kwaɗo, ya tarar azara ta ruɓe, ga bashin wata uku.