Baƙon da ke zaune a zaurena

Yau ba zancen farashi ko na albashi na zo da shi ba. Zancen wani hoton zane ne, da wata mata Baturiya da ta zana shi shekaru fiye da 100 da suka wuce, da kuma wani laifi nawa da hoton ya tono mini.

Ɗan ƙanena, wanda ke koyar da tarihi a lise, shi ne ya nuna mini hoton a cikin wani littafi, wata rana da ya zo gaishe ni. Mutum ɗaya ne kawai a ciki, namiji, yana zaune da baƙaƙen tufafi. Babu soja, babu bindiga, babu gidan da ke ƙonewa. Na tambaye shi ko wani attajiri ne ko wani babban ma'aikaci. Ya ce: "A'a, Baba, ɗan gudun hijira ne." Na karɓi littafin na daɗe ina dubawa, har yaron ya fara tunanin ko ba ni da lafiya.

Mai zanen sunanta Norah Neilson Gray. An haife ta a 1882 a Helensburgh, wani gari na bakin ruwa a ƙasar Sikotland, arewacin Birtaniya. Mahaifinta mai jiragen ruwa ne, ke nan ba daga gidan talauci ta fito ba. A 1901 ta shiga babbar makarantar zane ta birnin Gilasgo, ta yi shekara 5 tana koyo, daga nan makarantar ta ɗauke ta malama. Kafin 1910 ta buɗe ɗakin aikinta na kanta a cikin birnin, inda masu hali ke zuwa su zauna ta zana kamanninsu su biya ta. Wannan ita ce sana'arta, da ita ta ke ci.

Ran 4 ga watan Agusta 1914 sojojin Jamus suka kutsa cikin ƙasar Beljik a kan hanyarsu ta zuwa Faransa. Birnin Liège ne na farko da suka afka wa, kuma kafin ƙarshen mako na biyu ganuwoyinsa duka sun faɗi. Da birnin Anvers ya faɗi a watan Oktoba, sai mutane suka watsu: wasu Holand, wasu Faransa, wasu suka hau jiragen ruwa zuwa Ingila. Kimanin mutum 250.000 ne suka tsallaka Birtaniya a tsawon yaƙin. Kusan 20.000 daga cikinsu aka kai Sikotland, inda hukumar birnin Gilasgo ta ɗauki nauyin saukar da su. Mutumin da ke cikin hoton ɗaya ne daga cikinsu, mutumin Liège ne. Norah Gray ta gama zanen a 1915, aka nuna shi a Gilasgo da Landan, sa'an nan a 1921 ya ci lambar tagulla a babban bajekolin zane na birnin Paris. Yau yana cikin dukiyar gidajen tarihi na Gilasgo.

Abin da ya tsayar da ni shi ne wannan. Irin wannan zane ba a yin sa da ƙyaftawar ido kamar yadda mu ke ɗaukar hoto da salula. Sai mai zane ya zaunar da mutum, ya zauna gabansa, ya yi ta dubansa sa'o'i, yau da gobe da jibi. Matar nan ta saba yin haka ga masu biyanta. Sai ga shi ta zaunar da wanda ya rasa gida da ƙasa a mazaunin da attajirai ke zama, ta ba shi irin lokacin da ta ke ba su, ta zana shi da tufafinsa na mutunci, ba ta rataya masa ƙunshin tsumma don ta sa mai kallo hawaye ba. Duk wanda ya duba zai ga mutum ne da ya taɓa zama mai gida.

Ni kuwa ga abin da na yi. A 2019, lokacin da ƴan bindiga suka tsananta a jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina, dubban mutane suka ƙetaro iyaka zuwa jihar Maraɗi, mafi yawansu wajen Gidan Runji. Cikinsu akwai wani dattijo da na sani shekara fiye da 20. Ɗan kasuwar wake ne, kuma a gidansa na ke sauka duk lokacin da na tsallaka sayen kaya. Ban taɓa kwana a gidansa ba tare da an yanka mini kaza ba. Ya iso ƙofata da magariba, shi da mutum 9, ba su ɗauke da kome sai abin da ke jikinsu. Na ba su ɗaki biyu, na sauke buhun hatsi, na ce gida nasu ne. Kuma har ga Allah da zuciya ɗaya na faɗa.

Watan farko tare mu ke cin tuwon dare. Wata na biyu na fara aika masa da yara. Kafin wata na huɗu na koma shiga gida ta ƙaramar ƙofa, don kada in ratsa zauren da ya ke zama, saboda na san lissafin hatsin da ke fita, kuma ina tsoron kada fuskata ta nuna. Shi kuwa bai taɓa roƙona kome ba. Yana dai zaune a kan tabarma da carbinsa, riga ɗaya wankakkiya, tun hantsi har la'asar.

Ba mu kaɗai ne zuciya ta yi wa haka ba. Turawan Birtaniya sun tarbi mutanen Beljik da murna a 1914, iyalai suna rige-rigen ɗaukar baƙi, don kowa na zaton yaƙin zai ƙare kafin ƙarshen shekarar. Da ya ja, sai aka fara gunaguni a kan gidaje da aikin yi, har a watan Mayu 1916 aka yi tarzoma a unguwar Fulham ta Landan, aka far wa baƙin. Alhali kuwa da yawansu ba zaman jiran sadaka su ke yi ba: dubbai sun yi aiki a masana'antun harsashi, kamar ta Birtley a arewacin Ingila, inda aka gina musu gari sukutum. Da aka tsagaita wuta a watan Nuwamba 1918, gwamnati ta tanadi jiragen maida su gida, kuma cikin shekara guda galibinsu sun tafi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To, gwajin mai gida yana farawa ne ranar da hantsi ya yi, raɓa ba ta tashi ba.

Ranar da na fāɗi nawa gwajin, wasu abokan ciniki ne suka zo daga Damagaram. Muna ratsa zaure ɗayansu ya tambaye ni wane ne dattijon. Na ce: "Ɗan gudun hijira ne, muna taimakonsa." Bayan sun tafi ya kira ni a hankali, ya ce: "Alhaji, da can in ka kawo baƙi gidana, sunana ka ke gaya musu." Bai ƙara kome ba. Bayan mako biyu ya kwashi iyalinsa ya koma wani ƙauye wajen dangin matarsa, ya yi mini godiya mai yawa da addu'a. Ni kuma na gaya wa kaina cewa na sauke nauyi, tun da ba wanda ya kwana da yunwa a gidana.

Ita mai zanen ba ta tsaya ga fenti ba. Ta ba da kanta aikin jinya a ƙungiyar asibitocin matan Sikotland, wadda likita Elsie Inglis ta kafa a 1914. Ma'aikatar yaƙi ta Birtaniya ta ƙi karɓar tayin matan, Faransa ta karɓa. Aka ba su tsohon gidan ibada na Royaumont, kimanin kilomita 30 arewa da Paris, suka maida shi asibiti ƙarƙashin likita Frances Ivens. Daga 1915 zuwa 1919 sun yi jinyar mutane fiye da 10.000, cikinsu har da sojojin Afirka ta Yamma da ta Arewa da Faransa ta kwasa zuwa yaƙin. A can Norah Gray ta yi aiki, kuma ta bar zane biyu na asibitin: ɗaya yana gidan tarihin yaƙi na Landan, ɗaya a garin haihuwarta. Ta rasu a Gilasgo ran 27 ga Mayu 1931, tana da shekara 48, sanadin ciwon daji.

Mu ƴan kasuwa da ma'aikata mun iya lissafi. Mun san buhu nawa, ɗaki nawa, suna nawa ke cikin rajista. Wannan lissafi wajibi ne, domin ba a ciyar da mutum 10 da fatar baki. Amma ni hatsi na bayar na hana zama, kuma zaman ya fi hatsin araha. Mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa, kuma ni na zubar da na mutumin nan a zaurena, gaban baƙi, da kalma uku.

Mako guda bayan ganin hoton na shiga mota na nemi ƙauyen. Na tarar da shi ƙarƙashin rumfa, ya rame, amma rigarsa wankakkiya kamar kullum. Bayan gaisuwa na ce: "Alhaji, gafara na zo nema." Ya ce ya yafe tun ranar, Allah shi yafe mana baki ɗaya. Ya yi shiru kaɗan, sai ya gyara zama ya tambaye ni nawa tiyar wake ta kai a kasuwar Maraɗi. Na gaya masa. Ya girgiza kai ya ce masu saye sun yi gaggawa, wake zai sauka in na sabon girbi ya shigo, kada in cika sito yanzu. Muka yi ta zancen wake har aka kira la'asar, ni ina saurare shi yana bayani, kamar yadda mu ke yi a gidansa shekarun baya. Na bi shawararsa, kuma wake ya sauka.

Har yau bai koma garinsu ba. Duk ranar Juma'a ta farkon wata ina zuwa mu zauna. Allah shi maida kowane baƙo gidansa lafiya, shi ba ƙasashenmu zaman lafiya, amin.