Rawani mai kunne biyu, na takardar siminti

Ina da shekara takwas kawuna ya sa mu a amalanke, ni da ƴaƴansa biyu, daga Cadakori zuwa Tibiri don mu samu Idi a can mu kalli hawan Sarkin Gobir. Tun kafin assalatu muka tashi, bargo ɗaya muka lulluɓa mu uku. Abin da na fara gani a ƙofar fada ƙura ce. Daga cikin ƙurar kakaki ya yi kuka, na ji shi har cikin cikina. Sai ga dogarai cikin ja da kore, ga dawaki sanye da lifidi, mahayansu da kwalkwali, ga masu algaita kumatunsu kamar za su fashe. Can baya laima tana juyawa a hankali bisa kan sarki. Fuskarsa ban gani ba, amawali ya rufe ta. Na kutsa gaba don in ƙara gani, wani dogari ya ɗaga bulala, na yi baya da gudu, takalmin Sallata ƙafa ɗaya ya tsaya a can.

Da muka koma gida na yi wata guda ba ni da aiki sai hawa. Dokin kara kowa ya iya shi, amma ni laima nake so. Na yanka kwalin sukari da wuƙar innata, na soke shi da tsinke, na liƙa masa takardar kwalin taba mai walƙiya. A karkace ta fito, na sha faɗa kan wuƙar, duk da haka na yi ta yawo da ita har ta yage.

Shekaru bayan nan, a makarantar horon malamai ta Bawa Jan Gwarzo da ke Maraɗi, an koya mana cewa aikin hannu darasi ne kamar kowane darasi, yana da lokacinsa a jadawali. Malamai ƴan'uwana sun san inda wannan lokaci yake tafiya. Ko a tura yara sharar fili, ko lissafi ya cinye shi saboda ana baya a manhaja. Ni ma haka na yi fiye da shekara goma, kuma uzurina ba ƙarya ba ne: yara sun haura saba'in, almakashi babu, takarda mai launi sai an je Maraɗi.

Abu biyu suka haɗu a mako ɗaya suka sauya min ra'ayi. Ina koya wa ƴan CM1 da'ira, sun haddace ma'anarta tsaf, amma da na ce kowa ya zana min ɗaya a ƙasa, sai ga ƙwai, ga goro. A darasin tarihi kuma muna kan Gobir: faɗuwar Alkalawa a 1808, yaƙin Gawakuke a 1836, da yadda Gobirawa suka kafa Tibiri bayan nan. Na tambaya wa ya taɓa ganin hawan Sallah da idonsa. Hannu shida na ƙirga. Sauran sun gani a waya, na Kano da na Katsina, har wani ya ce min ai hawa abin Najeriya ne. Yaron da Tibiri take nan kusa da shi!

Ranar na tuna laimata. Na roƙi magina buhunan siminti da suka juye, muka kakkaɓe, muka ware takardar ciki mai tsabta. Masu shago suka tara mana kwalayen shayi da na sukari. Madauri kuwa ƙaro ne, a jiƙa shi da dare, da safe ya yi danƙo. Launi bai ci mana ko dala ba: zoɓo da karan dafi su ba da ja, gangamau rawaya, bular wanki shuɗi, gawayi baƙi. Almakashi biyar kaɗai na saya da kuɗina, na kuma hana reza shiga aji.

Laimar ce ta koyar da da'irar da na kasa koyarwa. Ƙusa a tsakiya, zare mai tsawon santimita 15, fensir a bakin zaren, a zagaya. Yaron da ya bar zarensa ya yi sako-sako da kansa yake ganin laimarsa ta karkace, ba sai na yi magana ba. A ninke takardar biyu, huɗu, takwas, ga rabi, ga kwata, ga ɗaya bisa takwas a tafin hannu. A cire yanki ɗaya a haɗa bakin, sai ta tashi ta yi tsini. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ita ta gano cewa in aka cire yanki biyu, laima ta zama malafa.

Na gayyato wani tsohon baduku ya duba aikinmu, ya kuwa kunyata ni gaban yara, cikin raha. Ashe abin da na riƙe tun ina ƙarami launi ne kawai. Na sa yara suna zana lifidi kamar zanen ado. Ya ce lifidi auduga ce ake cusawa a ɗinke, don ta tare kibiya, ya sa muka riƙa cusa ɗan kaɗa tsakanin takarda biyu. Ya nuna musu jalala, linzami, likkafa, ƙaimi. Kalmomin nan babu ko ɗaya a littattafan da nake koyarwa da su.

Wani uba ya zo ya ce bai yarda ɗansa ya yi siffar mai rai ba. Ban ja da shi ba, na mayar da yaron ɓangaren kakaki da tambari. Kuma kayanmu ba sa kwana a ajin zana. Tun gobarar Nuwamba 2021 da ta ci yara fiye da ashirin a wata makaranta a Maraɗi, ba na wasa da tara takarda kusa da zana.

Rigimar da ta fi tsaya min a rai ta rawani ce. Mun yi ƙuri'a kan wanda zai hau matsayin sarki ranar da za mu zagaya fili, ta faɗa kan ɗan wani maƙeri. Ya naɗa rawaninsa na takarda, ya tayar masa da kunne biyu. Sai wani yaro ɗan gidan sarauta ya tashi ya fizge shi, ya ce: «Mushe, wanga ba gadonsu ba ne.» Aji ya yi tsit. Ɗan maƙerin bai yi kuka ba, ya sunkuya yana tsince takardar, kamar ya yarda da hukuncin. Wannan sunkuyawar ce ta dame ni, don na san ta. Ita na yi gaban bulalar dogari.

Gaskiya yaron bai yi ƙarya ba, a fada ba kowa ke tayar da kunnuwan rawani ba, kuma ban so in koya musu raina abin da iyayensu ke girmamawa. Amma aji ba fada ba ne. Na ce masa abin da ya faɗa haka yake a Tibiri, a nan kuwa ƙuri'a ce ta naɗa sarki, kuma tunda shi ya fi kowa sanin naɗi, shi zai gyara abin da ya yaga. Ya yi kwana biyu yana fushi. Har yau ban tabbata hukuncina ya gamsar da gidansu ba, kakarsa dai ta daina amsa gaisuwata da sakin fuska.

Ranar ƙarshe kafin hutu muka yi hawanmu. Dawakin kara sittin da wani abu, kakakin takarda guda huɗu da ba sa ƙara sai da baki, iyaye mata a bakin danga suna guɗa. Rawanin ya zauna daram, naɗin ɗan sarauta ne. Iska ta taso ta ɗauke babbar laimar ta maƙala ta a kan bedi, sarki ya sauka daga dokinsa ya hau ya ɗauko ta da kansa.