Kango Ba Ya Tashi da Kansa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gidan ƙasa da hannun mai shi yake rayuwa: kafin kowace damina a sabunta yaɓe, a share indararo, a duba azara ko gara ta shige ta. In aka ɗauki shekara biyu babu mai wannan hidima, ruwa kan kwanta bisa rufi, azara ta ruɓe, ɗaki ya rufta, ko da kuwa a ƙasar Abzin ne inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba.

Gugaram, da ke gindin duwatsun Abzin tsakanin Arlit da Iferwan, ta ga haka. Da tawayen MNJ ya ɓarke a 2007, aka binne nakiyoyi bisa hanyoyi, jama'a da yawa suka watse zuwa Arlit da Agadas. Bayan kwance ɗamara a 2009, mai komowa gida sai ya fara da kwashe yashin da iska ta tara a tsakar gida, sa'annan ya kwaɓa ƙasa, ya buga tubali, ya nemi azara. Aiki ne mai wuya, amma gyaransa bai gagara ba, don mai gida ya komo da iyalinsa da awakinsa.

Kangon Akokan, kusa da Arlit, wani iri ne daban. Kamfanin Cominak, wanda aka kafa a 1974, ya gina wa ma'aikatansa unguwanni na siminti, da famfo da lantarki. Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe mahaƙar, bayan ta fitar da uraniyom kimanin tan 75,000, kuma cikin shirin rufewar har da miƙa gidajen da asibiti ga hukuma. Amma wa zai zauna ciki alhali albashin da ya tara mutane ya yanke? Ana iya sake fenti, a sa sabuwar ƙofa. Muddin babu sana'a a garin, ɓarawon tagogi ne zai gaji gidan.

Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani. A 2003 masu bincike na CRIIRAD daga Faransa, tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit, sun sami tarkacen ƙarfe mai tururin guba a kasuwa. A 2009 Greenpeace ta auna irin wannan tururi bisa titunan Akokan, inda aka yi ciko da duwatsun mahaƙa. Talakan da ya tsinci bututu ko tsakuwa don ya gyara ɗakinsa na iya shigar da cuta inda ƴaƴansa ke kwana. Saboda haka a nan awo ya kamata ya riga magini zuwa.

Tsohon birnin Agadas, da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, ya nuna hanya. Hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27 da ƙasa aka gina ta, kuma tana tsaye ne don ba a taɓa rasa masu hawa su sabunta mata yaɓe ba. Hukumar da ke son raya gidajen Akokan ta fara da auna su, ta mallaka su ga iyalan da za su kwana ciki, ta ba samarin garin aikin gyaran.