Furen da Ke Ƙirga Dare

Warin ganyen ne ya fi daɗewa a jikina. Ɗaci-ɗaci gare shi irin na tazargade, yana kama tafin hannu da bakin riga, har in na zauna cin tuwon shinkafar da nake tuƙawa da dare a ɗan ɗakin haya sai in ji lomar tana ɗauke da shi. Kirisantimam sunan furen. Nakan yi mamakin saurayin nan da ya sauka Holan a 1985 don koyon aikin gona, da akwatin kwano, da gwadon da Inna ta naɗe masa, da tandun man kaɗe da ƙullin daddawa a ƙasan kaya, wanda bai taɓa ganin an fidda ko anini an sayi fure ba, don a saninsa fure alama ce kawai ta cewa kuɓewa ta kusa shiga tukunya. Wai ni ne.

Westland ake kiran yankin, kudu da birnin Hague, a bakin teku. Duk inda ka juya gilashi ne, ɗaki na jingine da ɗaki, magudanan ruwa na ratsa tsakani. A ɗaya daga cikinsu aka ajiye ni, wajen wani dattijo mai ƙarancin magana da ya gaji gonar daga ubansa, kuma aikin farko da ya sa ni shi ne dafa ƙasa. Dafawa ta gaske. Mu shimfiɗa leda mai kauri a kan fangali, mu danne gefenta da sarƙa, a sako tururi daga babbar tukunyar da ke ɗumama gidan, ledar ta kumbura tana huci sa'o'i da yawa, sai zafin ya ratsa ƙasa ya kai digiri 70 ya tsaya haka aƙalla rabin sa'a, don ya kashe tsutsar saiwa da ƙwayar cuta da irin ciyawa. In aka yaye ledar, ƙamshin da ke tasowa yakan sa ni jin yunwa.

Sannan a dasa. Kowane dashe yana zuwa tsaye cikin ɗan curin baƙar ƙasa mai kusurwa huɗu, a jera su cikin idon ragar waya, kullum suka ƙara tsawo a ɗaga ragar ta tallafe su kada su kwanta. Gwiwoyina sun san wannan ragar.

Amma labulen ne ya ɗaure mini kai. Furen nan, in an bar shi da halinsa, sai kaka yake buɗewa, lokacin da dare ya yi tsawo. Maigida kuwa kasuwa yake so kowane mako, rani da damina. Don haka da bazararsu, wajen ƙarfe shida na yamma, rana na tsaye tangararan, sai ka ji wayoyi suna ƙiiƙii, baƙin labule yana tafiya a hankali ta saman kanmu da gefe-gefe har gidan ya yi baƙi ƙirin, ba za a yaye ba sai bakwai na safe. Dare na sa'a 13 ake yi wa furen da hannu. Da hunturu kuma, lokacin da ranar ba ta cika sa'a 8 ba, akasin haka ake yi wa ƙananan: a kunna musu ƙwan lantarki a tsakiyar dare don kada su yi saurin toho suna gajeru. In kara ya kai tsawon da ake so sai a bar su da duhunsu, bayan kamar mako 8 a tuge su, a ɗaure biyar-biyar.

Na karanta wannan tun a Samaru. Na san wasu Amurkawa biyu, Garner da Allard, suka fara bayyana shi a 1920 daga wata taba da ta ƙi yin fure, kuma a 1938 aka gano cewa tsawon duhun ne shuka ke lissafawa, ɗan haske kaɗan a tsakiya ya isa ya rushe lissafin. A takarda abin bai wuce layi uku ba. Sai da na ga dattijon nan yana bin labule da allura da zare yana ɗinke ɗan yagewar da ko yatsa ba zai shiga ba, sannan na ji nauyinsa.

Azumin shekarar ya faɗo daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, rana ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare. Akwai wani tsoho ɗan Maroko da muke salla tare a bayan ɗakin tukunya, bisa kwalin da ake zuba furanni. Ranar nan labule na rufewa, mu kuwa da sauran sa'a huɗu a gabanmu, leɓe ya bushe, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, su ga shi an yi musu magariba. Mu wa zai ja mana?" Na ce, "Sai haƙuri, Baba Alhaji." Dariyar ma ba mu da ƙarfinta.

Ƙananan abubuwa nake yawan tunawa. Guntun fensir da ke rataye da zare jikin ginshiƙi. Ma'aunin zafi mai ɗan maganaɗisu, wanda kowace safiya ake duba iyakar sanyin jiya da iyakar zafinta, a rubuta, a ja alamar ta koma. Katuna masu ruwan ɗorawa da danƙo, da ake ƙirga ƙwarin da suka maƙale musu kafin a yanke shawarar feshi. Madubin ƙara girma a aljihun maigida, wanda gefensa ya tsage. Ba ya cewa "ina jin", sai dai ya buɗe littafi. Abin da tashar bincike ta Naaldwijk ta gwada yakan iso gonar ta bakin malamin gona, kuma manoman unguwar kan taru su zaga gidajen juna, kowa da littafinsa a hannu, suna kwatanta yawan gas da suka ƙona da nauyin karan da suka samu. Wannan ya fi komai ba ni mamaki, domin gobe da asuba su ɗin dai ne za su haɗu a kasuwar gwanjo, inda hannun agogo ke farawa daga farashi mai tsada yana gangarowa, wanda ya riga danna maɓalli shi ya saya.

A kaset nake aika gaisuwa gida. Cikin wani na ba Baba labarin labulen, na kuma tuna masa maganarsa ta kullum, cewa farafara ba ta san gaggawa ba, ko ka shuka ta da ruwan fari ko ka makara, kusan tare za su fidda kai in damina ta zo ja da baya. Na ce masa dawar ma dare take ƙirgawa, masana sun tabbatar a Samaru tun shekarun 1960, duk da cewa a wajenmu bambancin doguwar rana da gajeriya bai fi sa'a ɗaya da 'yan mintoci ba.

Amsa ta zo bayan watanni, da carar zakara da sakan turmi a bayan muryarsa. Ya gaishe ni, ya lissafo waɗanda suka haihu da waɗanda suka riga mu, ya tambaya ko ana cin furen nan ko magani ake yi da shi. Can ƙarshe ya ce in haka ne in tambayi maigidan nawa, ko baƙin gwadon nasa zai sa dawa ta nuna tun cikin marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Na tambaye shi kuwa. Ya ce za ta yi. Sai ya ciro fensir, ya tambaye ni faɗin gonar Baba da kuɗin buhun dawa a kasuwarmu, ya rubuta kuɗin labule a gefe, ya daɗe yana kallon lambobin biyu, sannan ya ce in gaya wa tsohon ya ƙara gero.