Sabon Shiga da Tsohon Hannu: Ki Saurari Abin da Ɗanki Ke Faɗa a Cikin Gem

Da yawanmu in muka ga yaro ya cusa iyafis a kunne, ya dunƙule a kan waya yana ta ihu shi kaɗai, tambaya biyu ce ke zo mana: awa nawa ya ɓata, kuma datar wa ya ƙone? Tambayoyi ne masu kyau. Amma yau ina so in ja hankalinki zuwa ta uku, wadda a ganina ta fi su nauyi: da wa yake magana, kuma yaya yake yi masa magana? Ai ba shi kaɗai ba ne a wurin. Akwai mutum uku ko huɗu a cikin kunnensa, wasu sun girme shi, wasu ƙannen bayansa ne, kuma sau da yawa a cikinsu akwai wanda yau ne zuwansa na farko.

Bari in ɗan yi miki bayanin wasan don mu fahimci juna. Akwai manyan wasannin intanet da ake bugawa a kwamfuta, kamar World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 2004. A cikinsa akwai wuraren da suke kira danjin, wato kogo mai cike da dodanni, wanda mutum ɗaya ba ya shigarsa ya fito da rai. Sai mutum biyar sun haɗu. Ɗaya shi ne mai garkuwa, shi ke gaba, aikinsa ya ja hankalin dodo kansa ya sha dukan. Ɗaya mai magani ne, yana baya yana warkar da duk wanda ya ji rauni. Sauran ukun mayaƙa ne. In mai garkuwa ya ruga gaba bai waiwayi mai magani ba, duka biyar za su mutu, a koma a sake. A da, mutum da kansa yake neman abokan tafiya, ya roƙa, ya jira, har a san juna. A ƙarshen 2009 kamfanin ya kawo tsarin da na'ura ce ke haɗa mutum biyar da ba su taɓa jin sunan juna ba, ta jefa su cikin kogo. An huta da jira, amma wanda ya shiga kogon sau ɗari da wanda bai taɓa ganinsa ba sai su faɗa tare, ko sallama babu. Kuma an ba su damar jefa ƙuri'a su kori wanda suka ga yana mai da su baya.

A nan wajenmu, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, ba kowane gida ke da kwamfuta da wutar da za ta riƙe ta ba. Abin da na fi gani a hannun samarinmu, a shagon cajin waya ko a zaure, shi ne Free Fire da PUBG. Free Fire ya fito a 2017, ba shi da nauyi, ko ƙaramar waya tana ɗaukarsa. Mutum 50 ake saukewa a wani tsibiri, ana iya shiga huɗu-huɗu, filin yana ta matsewa har a rage ƙungiya ɗaya, cikin kamar minti goma. Babu kogo a nan, amma dokar ɗaya ce: kowa rayuwarsa tana hannun ɗan'uwansa. In aka harbi mutum ya faɗi, rarrafe yake yi har sai abokin tafiyarsa ya zo ya tsuguna kusa da shi ya tashe shi. In ba wanda ya zo, shi ke nan.

To yanzu ki ɗauka yaronki ne sabon shiga. Bai san inda ake sauka ba, bai san wace bindiga ce ta fi ba, bai san ma'anar rabin kalmomin da ake jefo masa ba. Hausawa suka ce baƙo ko da ido makaho ne. Abin da ya fi samu daga tsofaffin hannu iri biyu ne. Na farko zagi: "nub", wato ɗan koyo marar amfani, ko "bot", wato wanda ke wasa kamar na'ura marar tunani. Wani lokaci ma ba laifinsa ba ne, sabis ɗin garinmu ne ya riƙe shi, hotonsa ya tsaya cak a fili, wanda ke Kano ko Legas ya ɗauka rashin iyawa ne. Na biyu shiru. Sun san hanya, sun san inda tarkon yake, ba wanda ya buɗe baki, sai ya faɗa ciki sannan a yi tsaki a fice a bar shi. Ni a wurina shirun ya fi zagin muni, don mai zagi ko banza ya san kana nan.

Kuma yaro yana ɗaukar darasi daga wannan, ko ya ci wasan ko bai ci ba. Darasin shi ne: kada ka yarda a gane ba ka sani ba. Sai ya kashe makirfon ɗinsa, ya bi baya, ya yi kamar ya gane. Ranar da shi ma ya zama tsohon hannu, abin da aka yi masa shi zai yi wa na bayansa.

Na ga haka a ɗakina. Ɗana na fari, wanda kunya ba ta bari in kama sunansa, ya yi watanni yana wasa bakinsa a rufe. Bayan kamar shekara, wata rana ina cikin kicin na jiyo shi yana daka wa wani tsawa: "Kai dalla nub ne, fita ka ba mu wuri!" Da na leƙa sai na ga ɗan ƙanwata ne mai shekara tara, yana zaune a gefensa da wayar uwarsa, idonsa ya cika da ƙwalla. Na ce, "Mene ne bai yi daidai ba?" Ya ce, "Umma, ya tsaya a fili ne, ya ja aka kashe mu duka." Na ce, "Ka gaya masa inda zai ɓuya kafin ku sauka?" Ya ce, "Ai kowa ya san wannan." Na ce, "Kai wa ya gaya maka?" Ya yi shiru, can ya ce ba wanda ya gaya masa, sai da aka kashe shi ya fi a ƙirga. Na ce to ga shi kana da abin da za ka ba ƙanenka kyauta, wanda kai da wuya ka saye shi.

Abin da ya sa maganar nan ta tsaya mini a rai shi ne aikina. Duk ma'aikaciyar jinya ta taɓa zama sabuwar shiga, kuma ba ta manta manyan da ta fara aikin dare da su. Ni biyu nake tunawa. Ɗaya in na yi tambaya sai ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "A makaranta me aka koya muku?" Ɗayar kuwa, kafin mu fara zagaye, sai ta tsayar da ni a bakin ƙofa minti biyu: gado na kaza ki sa masa ido, numfashinsa ya canja tun magariba, makullin kabad ɗin magani yana wuri kaza, in kin ga abin da ba ki gane ba ki taso ni, ko barci nake. Dukkansu ƙwararru ne. Amma a daren da nake tare da ta biyun marasa lafiya sun fi zama cikin aminci, don ba na jin tsoron buɗe baki. Nas ɗin da ke tsoron tambaya haɗari ce ga wanda ke kwance a gado. Shi ya sa a takardar kariyar ɗakin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, cikin abubuwan da ake tabbatarwa kafin a sa wuƙa har da cewa kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa. Wanda ya riga ya yi magana sau ɗaya, ya fi samun ƙarfin halin cewa "a dakata" in ya ga abin da bai kwanta masa ba.

Masu ƙera wasannin ma sun gano haka. A Final Fantasy XIV, na kamfanin Square Enix da ke Japan, sabon ɗan wasa yana yawo da hoton ɗan koren tsiro a gefen sunansa, don kowa ya san a yi masa haƙuri. In aka shiga kogo da wanda bai taɓa gama shi ba, wasan da kansa zai sanar da ƙungiyar, kuma in an gama a ƙara wa kowa lada saboda shi. Kin ga an mai da baƙo abin maraba. A can ba abin mamaki ba ne mutum ya rubuta "yau ne farkona", wani ya amsa masa da layi biyu: in ka ga ƙasa ta yi ja ka matsa, sauran ka bar mana. Daƙiƙa goma ke nan, sun hana a mutu a sake sau uku.

Mu mutanen yankin nan ba sai an je Japan an koya mana darajar wannan ba. A 2010, gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ciki har da Sunke, Dareta, Abare da 'Yargalma. Duwatsun zinare ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka inda jarirai ke rarrafe. A lokacin ba wanda ya san dutsen yana ɗauke da dalma. Likitocin MSF suka zo suka ba yara magani, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma aka yi nata a 2013. Yanzu an sani: ba a sarrafa dutse a cikin gida, mai aikin haƙa ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki ɗansa. Amma kowace shekara akwai saurayin da ke zuwa bakin rami karo na farko, wanda yana goye a lokacin da abin ya faru. Ba zai san komai ba sai wanda ya riga shi ya gaya masa, shi kuma sai in bai ji kunyar tambaya ba. Ba ina haɗa rasuwar yaranmu da wasan waya ba ne. Ina cewa ne halin ɗaya ne, kuma yaran da aka haifa a wancan lokacin su ne samarin da ke riƙe da wayoyin yau. A cikin gem, in babba ya yi shiru, minti goma aka yi asara. Gara su koyi buɗe baki a can, inda kuskure ba ya da tsada.

Akwai ɓangare ɗaya da ba zan tsallake ba. Yaron da kowa ke zaginsa, ranar da wani babba ya yi masa kirki, zai manne masa. Yawancin masu kirkin nan da zuciya ɗaya suke yi. Amma ki koya wa ɗanki yadda zai bambance. Tsohon hannu na gari yana koyarwa ne a cikin wasan, a gaban sauran ƙungiya, kuma maganarsa a kan wasan take tsayawa. Wanda ya ce a koma WhatsApp su biyu, ko ya yi alkawarin tura lu'ulu'un wasa in an ba shi lambar sirri, ko ya nemi hoto, wannan ya fita daga koyarwa. A yankinmu kuwa akwai ƙari: sunan ƙauye, sana'ar mahaifi, ranar da yake zuwa kasuwa da hanyar da yake bi, ba maganganun da ake yi da wanda ba a gani ba ne. Ki faɗa masa wannan ɓaro-ɓaro, kuma ki tabbatar masa in ya kawo miki irin wannan labari ba za ki ƙwace wayar ba. In ya san ƙwacewa za a yi, ba zai kawo ba.

Abin da nake roƙonki ba shi da wuya, ba sai kin iya wasan ba. Wata rana ki ce ya cire iyafis ya bar sautin a fili, ki zauna kusa kina tsinke zogale ko ninke kaya, ki saurara zagaye ɗaya. Minti goma ne. Za ki ji ko shi ake zagi, ko shi ke zagi, ko ya yi gum. In sabon shiga ne, ki ba shi jimla ɗaya ya riƙe: "Ni sabo ne, ku gaya mini inda zan tsaya." Matambayi ba ya ɓata, kuma ƙungiyar da ta kore shi saboda wannan jimlar dama ba tasa ba ce. In kuwa ya riga ya ƙware, kada ki tambaye shi mutum nawa ya harbe. Ki tambaye shi mutum nawa ya koma ya tashe su yau, kuma wa ya koya wa wani abu. Yaro yana lura da abin da uwarsa ke tambaya, a can yake gane abin da ke da daraja a wurinta.

Sannan mu ma mu duba gidajenmu. Yadda muke yi wa amaryar da aka kawo ba ta san inda ake ajiye gishiri ba, da 'yar aikin da ta zo daga ƙauye jiya, da ƙanwar da ke koyon tuƙa tuwo, duk a kan idon yaran nan muke yi. Wanda ya ga ana yi wa baƙuwa dariya a tsakar gida, ba a intanet ya fara koyon kiran mutum nub ba.

Iyaye, ku da kuka taɓa sauraron 'ya'yanku suna wasan nan, me kuka ji? Ku faɗa mana a ƙasa, wataƙila wata uwar da yau ce ta fara jin sunan Free Fire ta ƙaru da ku. Allah ya raya mana zuri'a.