Shaidar Maƙwabci a Gonar Aro



Tun da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015, saboda ragowar maganin ƙwari irin wanda ke cikin Sniper, masu hannu da shuni a Abuja suka fara tambayar yadda aka noma abin da suke ci. Suna biya da tsoka idan sun yarda ba a sa guba ba. To amma wa zai shaide ka? Kamfanonin Turai masu ba da takardar shaida da kuɗin waje ake biyansu, mai 'yan kunyoyin tumatir ba zai iya ba.

Saboda haka ne manoma a Brazil suka bi wata hanya, kuma aka yi babban taro a kanta a garin Torres a 2004. Manoman yanki ɗaya su haɗa ƙungiya, su yi alƙawarin barin takin zamani da feshi, su riƙa zagaya gonakin juna tare da masu saye. Wanda ya yi ha'inci a janye masa tambari. Indiya ta mayar da shi tsarin gwamnati, Burkina Faso na da nata tambarin, BioSPG, ƙungiyar NOAN ta Ibadan kuma ta kawo shi Najeriya.

Ni dai abin ya burge ni, domin ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu a karkarar Kano da jakuna suke kai takin gargajiya gona, kuma kunyar idon maƙwabci ta fi tsoron malamin gona.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Ƙasar da ta saba da takin zamani sai ta yi shekara biyu ko uku tana shan kashin shanu kafin ta farfaɗo, a tsakanin nan amfani yakan ragu. Mu kuwa da ke noma wajen Waru da Wasa, mafi yawanmu gonar aro ce daga hannun Gbagyi, su ma dokar 1976 ta mayar da ƙasar Abuja duka hannun Gwamnatin Tarayya. Na taɓa zuba taki damina biyu a wani fili, a ta uku na tarar an kafa duwatsun iyaka ana sauke bulo. Bayan wannan, wa zai ce min in yi haƙurin shekara uku?

Shi ya sa nake ganin idan za mu kafa irin wannan ƙungiya a nan, kada ta zama ta Hausawa zalla. A sa masu ƙasar a ciki, a je gaban hakiminsu a rubuta aron shekara biyar. Takardar ba za ta tare katafila ba, amma za ta hana a karɓe gonar a ba wani da zarar ta yi kyau. Sannan a fara da alayyafo, latas da zogale, waɗanda kuɗinsu ke dawowa da wuri.