Mutum na uku a cikin soyayya

Yawancinmu ba a aji muka koyi karatun Hausa ba. A lakkol faransanci ne tun safe har a tashi. Hausar boko a littattafan soyayya na Kano muka tsince ta, waɗanda ƴan kasuwa ke shigowa da su ta Jibiya da Ɗan Isa. Ni a Tasawa na fara, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, daga nan sai na Balaraba Ramat Yakubu da na Bilkisu Funtuwa. Ba na cikin masu raina su, ko kaɗan.

Sai dai akwai mutum guda da yawancin waɗanda na karanta ba su yi wa adalci ba, wato ƙawar yarinya ko abokin saurayi. Yana nan a cikin labarin, amma ɗan aike ne kawai. Ya kai wasiƙa, ya kawo amsa, da an ɗaura aure sai a neme shi a rasa.

To, ƴan uwa, ku da kuka tashi a Tasawa ko Mirya ko Madawa kun san ba haka abin yake ba. A ƙaramin gari soyayya ba ta mutum biyu ba ce. Saurayi ba ya zuwa hira shi kaɗai, yarinya ba ta fitowa sai da ƙawa. In an gan ku a bakin famfo da la'asar, kafin a zuba shayi na biyu a fada labari ya kai gida. Duk nauyin sirrin a kan na ukun nan yake, kuma shi ne ba a tambaya ko ya gaji.

Ina da ƙawa tun muna kolej, Allah ya ba ta murya. In ta yi waƙa a bikin ƙarshen shekara, har mushe mai ɗaure fuska sai ya gyara zama. Burinta ta tafi Yamai, cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya, ko ta bi sawun Fati Nijar da ta bar Maraɗi ta yi suna a Kano. Saurayinta tela ne, kuma muryar ce ta fara jawo shi. Shi ne ma ya ɗauki waƙarta a salula ya rarraba wa abokansa.

Da maganar aure ta taso, sai mahaifiyarsa ta ce su ba su haɗa zuri'a da zabiya. Kun san halinmu. Muna son waƙa, ba biki sai da ita, ƙasa ma ta sa wa gasar kiɗa sunan Ɗan Gurmu na Tawa. Amma a cikin gida har yanzu ana ɗaukar ta sana'ar gadon maroƙa, kowa na so a yi masa, ba mai son ɗiyarsa ta yi.

Ya same ni ya ce, "Ƙanwata, ke kaɗai take jin maganarki. Ki ce ta haƙura har a ɗaura, bayan nan sai mu gani." Washegari ita kuma ta ce, "Ƙawa, ki tambaye shi, in na bar waƙar, mi ya rage na abin da ya ce yana so?" Na kai wa kowa saƙonsa yadda aka ba ni, ban ƙara gishiri ba. Abin da ya fi ci mani rai shi ne babu mugu a cikinsu. Shi tsoron fushin uwa yake, ita tsoron ta wayi gari ba ta gane kanta ba. Ni kuma, in faɗa maku gaskiya, ina da nawa tsoron da ba wanda ya tambaya: in ta hau mota zuwa Yamai, ni ce zan zauna ba ƙawa.

Shekara 2 ke nan, ba a yi auren ba, ba ta tafi ba. Tana waƙa a bikin ƙawaye, yana ɗinki a shagonsa, suna gaisawa.

Labarin nan nike rubutawa yanzu a kaye, daga bakin ƙawar. Da na karanta farkonsa a zaman ƙungiyarmu, wani ya ce in kawo mai shirya fim daga Kano ya ɗauke ta, wata ta ce in sa ta tuba ta yi aure. Na ƙi duka biyun. Mai shirya fim bai taɓa tsayawa a unguwarmu ba, kuma ban ga laifin da za ta tuba a kai ba.

Ran hutu na kai mata shafi 12 na farko. Ta karanta shiru, ta miƙo mani, ta ce wuri ɗaya ne ban faɗi daidai ba: daren da muka yi kuka a zauren gidansu, wai ni na fara, ba ita ba.